DAJIN FALGORE: LAIFIN ƁARAWO NE KO NA BISHIYA?

   

Ya ɗan'uwa mai karatu, musabbabin wannan rubutu wata hira ce da aka yi a wajen walimar saukar Alƙur'ani a nan garin Gaya. Bayan an ci an sha, sai zance ya gangaro kan tsaro, kamar yadda kowace hira take ƙarewa a wannan zamani. A nan ne wani dattijon malami, wanda a gabansa na karanta Ishmawi da Iziyya ina yaro, ya ce shi a ganinsa maganin dajin Falgore ɗaya ne: a sa masa gatari, a raba wa talakawa gonaki, ɓarayi su rasa maɓoya, kowa ya huta. Ya ƙara da cewa ai killace daji al'adar Nasara ce, su suka zo mana da malaman daji suna kama mutane a kan itacen da Allah ya halitta musu. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai, har wani ya yi kabbara.

Ban ce uffan ba a wurin, domin ba a yi wa babba gyara a tsakiyar taro. Amma bayan kwana biyu na same shi a zaurensa, na durƙusa na ce: Allah ya gafarta Malam, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ya saurare ni har na dasa aya, sannan ya yi mini izinin in rubuta. To ba da shi nake jayayya ba. Da ra'ayin nake, domin ra'ayi ne da ya yi yawa a bakin mutanen kirki, kuma kuskuren mutumin kirki ya fi saurin yaɗuwa.

Mu fara da sanin abin da ake magana a kai, don na lura da yawa daga masu cewa a sare dajin ba su taɓa ganinsa ba sai ta gilashin mota a hanyar Jos, suna ta Hasbunallahu har su fita. Dajin Falgore yana kudancin jihar Kano, kimanin kilomita 150 daga birni, ya taɓa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, faɗinsa ya doshi murabba'in kilomita 1,000. Ta gabas yana maƙwabtaka da dajin Lame Burra na jihar Bauchi. A shekarun 1940 aka killace shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, a shekarun 1960 kuma aka ɗaga darajarsa ya zama wurin kare namun daji. Shi ne daji mafi girma da ya rage wa jihar nan, daji irin na kakanninmu, mai doka da maɗaci da marke da maje da kaɗanya da ɗorawa da tsamiya, ba dogon yaro da turare da ake jerawa a bakin titi ba.

Ka lura da sunansa na farko, gandun dajin Kogin Kano. Ba a banza aka sa masa shi ba. Kogin Kano ta cikinsa yake ratsowa kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Daga Tiga ake shayar da gonakin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda shinkafa da tumatir da alkamar da muke ci suke fitowa. Daga kogin nan matatar ruwa ta Tamburawa take ɗiba ta aika birni. Shi ne kuma yake haɗuwa da Challawa su zama kogin da ke wucewa ta ƙarƙashin gadar Wudil, wadda duk mutumin Gaya da Ajingi yake hawa in zai shiga Kano, ya miƙe zuwa Haɗeja da Nguru. Wato dai dajin da muke ɗauka na mutanen Doguwa ne, ashe a bakin randarmu yake tsaye.

Yadda abin yake aiki kuwa ba sai an je jami'a ba, kowane manomi ya san shi a gonarsa. In ruwan sama ya sauka a kan ƙasa mai itatuwa da ciyawa, ganye yana karya ƙarfinsa, saiwa tana riƙe ƙasa, ruwan ya sami lokacin nitsewa. In ya sauka a kan fili tsirara, gudu yake yi lokaci guda, ya kwashi ƙasar sama ya tafi da ita. Ina zai kai ta? Cikin kogi, daga kogi sai cikin dam. Dam kuwa kamar tukunya yake, duk abin da laka ta cike, ruwa ya rasa. Ranar da aka mai da Falgore gonakin masara, manomin da aka ba wa filin zai ji daɗin shekaru kaɗan, sannan shi da mai shinkafar Kura da mai tura kurar ruwa a Kurna su biya bashin tare.

Yanzu sai batun ɓarayi, wanda shi ne ƙashin bayan maganar Malam, kuma ba zan raina shi ba. Gaskiya ne an yi shekaru hanyar Falgore tana cin mutane. Wajen 2015 da 2016 satar shanu da fashi da garkuwa da mutane sun yi ƙamari a yankin, har ta kai a 2017 sojoji suka shiga dajin suka mai da wani sashensa wurin atisaye. Wanda aka kashe wa ɗa a wannan hanya, ba ni da bakin da zan yi masa wa'azin kaɗanya.

Amma ina tambaya: bishiya ce ta kira ɓarawo, ko rashin mai gadi? Dajin nan ya fi haka duhu a zamanin kakanninmu, da namun dawa a cikinsa, amma bai zama sansanin masu bindiga ba. Abin da ya canja ba yawan itatuwa ba ne, itatuwan ma raguwa suka yi. Abin da ya canja shi ne hukuma ta janye ƙafarta. Sambisa da ake tsoron ambata, wurin kare namun daji ne da aka yi watsi da shi kafin Boko Haram su gaje shi. Kamuku ta Birnin Gwari tun 1999 take gandun daji na ƙasa, amma sunan bai hana 'yan bindiga mamaye yankin ba. A ɗaya gefen kuma ga Yankari a Bauchi, wadda tun da aka shiga haɗin gwiwa da ƙungiyar WCS a 2014, aka ɗauki sintirin masu gadi da muhimmanci, giwayenta suka sami sauƙin maharba. Ga Gashaka Gumti a Taraba da Adamawa, inda tun 2017 ƙungiyar ANI take ɗaukar 'ya'yan ƙauyukan yankin aikin gadi tana horar da su. Duka dazuzzuka ne. Bambancinsu shi ne wani yana da mai shi, wani kuwa an bar shi kamar kayan gadon da magada suka yi faɗa suka watse.

Kuma a ce ma an sare. Shin masu garkuwa da mutane ba sa ɓoye mutum a gidan haya a tsakiyar gari? Kangon gini nawa aka kama ɓarayi a ciki, wa ya taɓa cewa a rushe unguwar? Mutumin da ɓera ya dame shi ba ya cinna wa rumbunsa wuta.

Sai maganar cewa killace daji al'adar Nasara ce. A nan ne na fi jin ciwo, domin magana ce da bai kamata ta fito daga bakin wanda ya karanta fiƙihun Malikiyya ba. Na yarda Turawan mulkin mallaka sun killace dazuzzuka, na kuma yarda malaman dajinsu sun zalunci talakawa, tsofaffinmu har yau suna ba da labarin tarar da aka ci su a kan reshe guda. Amma zaluncin mai aiwatarwa ba ya mai da asalin abu haramun, in ba haka ba da tuni mun soke alƙalanci.

A shari'armu akwai abin da ake kira hima (da mimi ɗaya, ba himmar ɗalibi ba), wato yankin da shugaba yake killacewa don maslahar jama'a, ya hana kowa mallakarsa. Manzon Allah (SAW) da kansa ya killace Naƙi'u, wani kwari a kudancin Madina, domin dawakin Musulmi. Ɗalibai su kula, Naƙi'u da nunun, ba Baƙi'a maƙabarta ba. Sayyidina Umar (RA) ya killace Rabaza da Sharaf. Abin da aka soke shi ne himar Jahiliyya, inda mai ƙarfi yake kame makiyaya don dabbobinsa shi kaɗai. Ban da wannan, Annabi (SAW) ya haramta sare itatuwan Madina da farautar namunta tsakanin duwatsunta biyu, kuma sahabbai ba su ɗauki abin da wasa ba. Imam Muslim ya ruwaito cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) ya tarar da wani bawa yana saran itace a Aƙiƙ, ya ƙwace kayan da ke tare da shi, da iyayen gidansa suka zo biko ya ƙi mayarwa. In wani malamin daji ya yi haka a yau, da mun ce ɗan koren Nasara ne.

Malam ya kawo mini hujja da hadisin da ke nuna cewa wanda ya raya mataccen fili shi ke da shi. Hadisi ne tabbatacce. Amma malamanmu ba su bar shi sake ba. A Muhtasar na Shaihu Halil, filin da ke kusa da gari ba a raya shi sai da izinin shugaba, kuma kowane gari yana da hurumi, wanda ya haɗa da inda mutanensa suke yin itace da inda dabbobinsu suke kiwo, ba mai ikon ya kame shi ya ce ya raya. Kalmar hurumi ɗin nan da muke faɗa kullum daga nan ta samo asali. Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansa, littafi guda ya wallafa a kan hukuncin matattun filaye, Ta'alimur Radi, shekaru da dama kafin Lugga ya taka ƙasar Hausa. Sannan wane mai hankali ne zai kira dajin da yake riƙe da ruwan miliyoyin mutane matacce? Gonar da za ta zaizaye cikin 'yan shekaru ita ce rayarwa, dajin da ya shekara ɗaruruwa yana aiki shi ne mutuwa?

Wani a wurin walimar ya ce ai da Musulunci ya kafu a Kano sare kurmi aka yi. E, Tarihin Kano ya kawo cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa an sare bishiyar da ake tsafi a gindinta aka gina hasumiya a wurin. Amma don ana bauta mata aka sare ta, ba don tana bishiya ba. Wa ka ji yana yanka wa dokar Falgore baƙin bunsuru? Addinin da Halifansa na farko, Sayyidina Abubakar (RA), ya hana rundunar da ya tura Sham sare itace mai 'ya'ya a ƙasar abokan gaba, a tsakiyar yaƙi, ba shi za a jingina wa gatari a ƙasar Musulmi cikin zaman lafiya ba.

To amma adalci ya sa in faɗi abin da yake gefen Malam. Malamai sun sa wa hima sharuɗɗa: ta zama don buƙata ta gaskiya, kada kuma ta ƙuntata wa mutane. Sayyidina Umar (RA) da kansa ya nuna cewa ba don larurar dabbobin da ake hawa saboda Allah ba, da bai killace wa mutane ko taƙi ɗaya na ƙasarsu ba. Kuma umarnin da ya ba wa Hunayyu, baransa da ya ɗora a kan hima, wanda Imam Malik ya kawo a ƙarshen Muwaɗɗa, ya cancanci a rubuta shi a ƙofar kowane ofishin gandun daji. Ma'anarsa ita ce ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya tare garken Ɗan Aufu da na Ɗan Affan, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa wurin Halifa zai zo da 'ya'yansa yana kuka. Dubi manyan sahabbai biyu, cikin goman da aka yi wa albishir da Aljanna, su aka ce a hana!

Mu kuwa mun juya abin. Tsohuwa mai ɗaurin ƙirare a ka ita ake tsarewa, tirela mai buhunan gawayi har sama ta wuce shinge bayan shinge, kowa ya san yadda take wucewa. Ga misalin madobiya. Itace ne da makiyaya suke sassabo wa shanu ganyensa da rani tun kaka da kakanni, bai ƙare ba. Da kasuwar katakonsa ta buɗe a ƙasar Sin, cikin 'yan shekaru aka yi wa dazuzzukan Taraba da Adamawa da Kogi ƙarƙaf. A 2017 ƙungiyar bincike ta EIA ta ba da rahoton cewa gungume sama da miliyan 1.4 aka fitar daga Nijeriya ba bisa ƙa'ida ba, a 2018 aka dakatar da cinikinsa daga ƙasar nan a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, a shekarar kuma ya shiga jerin itatuwan da ke fuskantar ƙarewa a duniya. Wannan ba aikin mai gatari ba ne, aikin mai injin zarto ne da mai kwantena da mai sa hannu a takarda. Maɗaci da kaɗanya ma suna cikin jerin waɗanda ake ji wa tsoro.

Kada mai karatu ya zaci ina magana ne daga kan tudu. Gidana da gawayi ake girki. Tun da kuɗin gas ya fi ƙarfin albashin malamin Islamiyya, uwargida ta koma kurfoti, ni nake sayo buhun, kuma ban taɓa tambayar mai sayarwa daga wane daji ya fito ba, don ina tsoron amsar. Mu mutanen Gaya ma ai ba mu da bakin zagin gawayi, tunda tarihi ya ce Abagayawa maƙera ne da suka tashi daga nan suka je Dala neman tama, kuma maƙeri bai san wata wuta ba sai ta gawayin ƙirya. Sai dai su sun ƙona abin da daji zai iya mayarwa. Birnin da mutanensa suka haura miliyan huɗu in ya koma gawayi gaba ɗaya, babu dajin da zai iya ciyar da murhunsa. Duk gwamnatin da ta ce kada a sari itace alhali ba ta sauƙaƙa wa talaka abin girki ba, wasa take yi da hankalin mutane.

Gwamnatocin namu kuwa har yau ban gane me suke nufi da Falgore ba. A 2017 filin atisayen soja ne. A 2018 gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya gayyaci makiyayan ƙasar nan su taho Kano, yana nuni da cewa Falgore za ta ɗauke su. A ƙarshen 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da ƙarin gandayen daji na ƙasa guda goma a kan bakwai da ake da su, Falgore na ciki, tare da Kogo ta Katsina da dausayin Haɗeja na Jigawa. Mace ɗaya, manema uku cikin shekara huɗu, kowa da inda ya nufa da ita. Ni ina goyon bayan na ukun, domin shi kaɗai ne ya ɗauki dajin a matsayin daji. Amma Kamuku ta koya mana cewa allo a bakin hanya ba ya tare kowa. Abin da zai tare shi ne masu gadi daga 'ya'yan Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, waɗanda suka san kowace ƙorama, a biya su a kan lokaci. A shata iyaka kowa ya san ta. A bar wa ƙauyukan gefe haƙƙinsu na zuma da ɗorawa da kaɗe da busasshen itace, da burtali ga mai 'yan shanu, a tare mai tirela. Wato umarnin Hunayyu ke nan, ba ƙari ba ragi.

Wanda yake ganin ba zai yiwu ba, ya dubi birnin Rio de Janeiro na ƙasar Barazil. Sun sare duwatsun da ke kansu sun shuka kofi, sai ƙoramun da birnin yake sha suka fara ƙafewa. A 1861 sarkinsu Pedro na Biyu ya ba da umarnin a sake dasa dajin Tijuca, aka yi shekaru ana dashe da hannu, yau gandun daji na ƙasa ne a tsakiyar birni. Su sai da suka sare suka gane. In kuma Barazil ta yi nisa, ga Maraɗi da Damagaram nan, Hausawa 'yan'uwanmu, ƙasarsu ta fi tamu fari. Tun shekarun 1980 manoma suka koma abin da suke kira sassaben zamani, wato in kututture ya yi toho a gona ba a ƙone shi, sai a zaɓi reshe mai ƙarfi a raine shi. An ƙiyasta bishiyoyi wajen miliyan 200 suka dawo a kan hekta kusan miliyan 5, gawo ya cika gonaki. Abin da ya sa ya yiwu shi ne manomi ya tabbata bishiyar da ya raina tasa ce, ba ta malamin daji ba.

Da na zo nan a zauren Malam, sai ya ce: to kai da kake ta Falgore, yaushe rabonka da Duddurun Gaya da ke bayan gidanku? Na sunkuyar da kai. Ya ce shi ya san dajin nan lokacin da yaro ba ya shigarsa shi kaɗai, in je in gani yanzu in dawo in ba shi labari. Ya ce maganar hima ya karɓa, ya kuma janye kalmar al'adar Nasara. Amma batun tsaro bai gamsu ba, domin a cewarsa gwamnatin da ta bar makarantar firamare babu rufi, ba ita za ta riƙe albashin mai gadin kaɗanya ba, kuma kafin a gyara hukuma mutane nawa za a sace? Na ce Allah ya gafarta Malam, in an sare dajin ma ai hukumar ita ce dai, sai dai a wayi gari ga ɓarayi ga ƙishirwa. Ya yi murmushi, bai ce na yi daidai ba.

Ya umarce ni in kawo masa Ta'alimur Radi ranar Alhamis mu duba maganar hurumi tare. Kwafina yana hannun wani abokina a Wudil, gobe in Allah ya kai mu zan je in karɓo, in na dawo kuma in biya ta Dudduru.